Kafin a ce mutum ya raina kotu, a fara tambayarsa me ke aljihunsa

A shekarar 2007 wata mata baƙar fata a garin Ferguson da ke jihar Missouri ta Amurka ta ajiye motarta inda doka ta hana, 'yan sanda suka rubuta mata takardar laifi guda biyu, aka yanke mata tarar dala 151 da wasu 'yan kuɗaɗen kotu a kai. Iyakar laifin kenan, fakin. Matar nan a lokacin abin duniya ya yi mata zafi, wani sa'in ma ba ta da inda za ta kwana, to ranar zaman kotu ta zo ta wuce ba ta je ba, ranar biya ta zo ta wuce ba ta biya ba, kuma duk ranar da ta wuce sai kotun ta buɗe mata sabon laifi na ƙin halarta, da sabuwar tara, da sammacin kamu. Daga 2007 zuwa 2010 sau bakwai ana yi mata haka. An kama ta sau biyu, ta yi kwana shida a tsare. Ta taɓa kawo dala 25, ta taɓa kawo dala 50, kotu ta mayar mata da kuɗinta wai sai dai ta biya duka a dunƙule. Zuwa watan Disamba na 2014 ta biya dala 550 amma har lokacin ana binta dala 541.

Wannan labari Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ce da kanta ta fitar da shi a rahoton da ta saki a watan Maris na 2015, bayan binciken da ta yi sakamakon harbe matashin nan Michael Brown da ɗan sanda ya yi ranar 9 ga Agusta 2014. Duniya ta fi tuna zanga-zanga da hayaƙi mai sa hawaye da motocin sulke a titi, amma ni ɓangaren rahoton da ya fi tsaya min a rai shi ne na ƙaramar kotun garin, don a nan ne ka ga yadda ake gasa wa talaka aya a hannu ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba, da biro kawai da hatimi.

Ga wanda bai san tsarin ba, a jihohi da yawa na Amurka kowane ƙaramin gari yana iya kafa kotunsa, wadda ke sauraron ƙananan laifuka irin su gudun wuce sa'a, tuƙi ba inshora, hayaniya, barin ciyawa ta yi tsawo a ƙofar gida, da makamantansu. Gundumar St. Louis kaɗai, inda Ferguson take, tana da ƙananan garuruwa wajen 90 a lokacin, kuma sama da 80 na kotuna irin wannan, wasu garuruwan ma ba su kai girman unguwa ɗaya a Kano ba amma da 'yan sandansu da alƙalinsu. Mutum zai fito daga gida zuwa wurin aiki ya ratsa garuruwa biyar ko shida, kowanne yana iya tare shi kan fitilar baya guda ɗaya da ta mutu. Ferguson mutanenta wajen dubu 21 ne a lokacin, amma zuwa ƙarshen 2014 mutum sama da dubu 16 ne ke da sammacin kamu daga kotun garin (har da baƙi masu wucewa dai). Kuma akasarin sammacin nan ba na ɓarayi ko 'yan fashi ba ne, na waɗanda ba su zo zama ba ne ko suka gaza biya.

Tun kafin wani ya taso min a ƙasa, ni ban ce kotu ba ta da ikon tilasta wa mutum ya zo gabanta ba. Tana da shi, kuma dole ta kasance da shi, in ba haka ba sammaci ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Akwai masu taurin kai na gaske, akwai wanda yake da kuɗin yana hawa mota mai tsada amma ya ga shi ya fi ƙarfin zuwa ya tsaya a layi, akwai mai tuƙin ganganci da in ba a taka masa birki ba wata rana sai ya kashe 'ya'yan mutane. Irin waɗannan a kamo su, ba ni da ja. Abin da nake cewa shi ne rashin zuwa kotu abu ɗaya ne, rashin kuɗi abu na biyu, raina kotu abu na uku, kuma ƙananan kotunan nan sun dunƙule ukun sun mayar da su abu ɗaya saboda hakan ya fi sauƙi kuma ya fi kawo kuɗi.

A ɗauki rashin zuwan tukuna. Me ke hana mutum zuwa kotu? Mai albashi da ofis yana ɗaukar hutun rabin yini ya je, ko ma ya ba lauya 'yan daloli ya je a madadinsa a sasanta a mayar da laifin ƙarami. Amma mai aikin awa-awa a gidan abinci ko kantin saida kaya, in ya bar aiki ba a biyansa na ranar, in ya yawaita ma a sallame shi. Mace mai yara uku ba mai riƙe mata su, kuma lauyoyin ƙungiyar ArchCity Defenders da ke kare marasa galihu a St. Louis sun rubuta a 2014 cewa wasu kotunan yankin ba sa barin a shiga da yara. Wani kuma ya tashi daga gidan haya an kore shi, takardar kotu tana zuwa tsohon adireshi. Rahoton gwamnati ya ce akwai lokutan da ɗan sanda ke rubuta rana ko lokacin da ba daidai ba a takardar, mutum ya zo a ranar da aka rubuta masa ya tarar tuni an yi zaman an fitar da sammacinsa. Sannan ga babban dalilin da ba a cika faɗa ba, tsoro. Mutum ya san ba shi da ko sisi, ya ji labarin maƙwabcinsa da ya je ba kuɗi aka wuce da shi sel, to me zai kai shi? Ya je a kulle shi, ya ƙi zuwa a fitar da sammaci a kama shi a hanya gaban 'ya'yansa, gaba kura baya sayaki.

Kuma akwai wata dabara da kotun Ferguson ta yi wadda ita ce ta fi ba ni haushi. In aka yarda ka biya kaɗan-kaɗan, ƙa'idar ita ce dala 100 duk wata, ba ruwansu da abin da kake samu, kuma kowace ranar biya ana lissafa ta a matsayin ranar zaman kotu. Ka makara, ko ka kawo dala 80 maimakon 100, shi kenan a takarda ba ka halarci kotu ba, sammaci ya fita. Ka ga a nan an juya talauci an sa masa rigar rashin biyayya. A bisa dokar jihar ta lokacin kuma ana dakatar da lasisin tuƙinka in ba ka zo kan laifin tuƙi ba, alhali a irin waɗannan garuruwa in ba mota ba aiki, sai ka ci gaba da tuƙi don ka samu abin biya, sai a sake tare ka a rubuta maka tuƙi da lasisin da aka dakatar, wata tarar kenan.

Zaman kotun kansa fa? Sau uku ko huɗu a wata, kowane zama bai wuce awa uku ba, kuma ana iya samun mutum har 500 a zama guda. Ka yi lissafi da kanka, minti 180 a raba wa mutum 500, kowa bai samu rabin minti ba. A cikin wannan daƙiƙa ashirin da 'yan kai ne ake so alƙali ya binciki ko mutum yana da aiki, nawa yake samu, bakin mutum nawa yake ciyarwa? Haba. Ba a tambayar ne kawai.

Abin mamakin shi ne rage rashin zuwa kotu ba wani abu ne mai wuya ko tsada ba. A birnin New York an yi gwaji, aka buga sakamakonsa a mujallar Science a 2020: an sake tsara takardar sammacin ne kawai, aka ɗauko rana da wurin zaman daga can ƙasa aka kawo su sama inda ido zai gani, aka rubuta ƙarara abin da zai faru in ba ka zo ba, rashin zuwa ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Da aka ƙara da tura saƙon tes na tuni a waya, ya sake raguwa da wajen kashi 21 cikin ɗari a cikin waɗanda aka tura wa. Ashe dai dubban mutanen da ake kallo a matsayin masu gudun shari'a mantuwa ce da ruɗewa, irin wadda ni da kai muke yi da ranar ganin likita. Asibiti na tura maka tes, mai gyaran haƙori na tura maka, kamfanin waya na damunka dare da rana, kotu ce kaɗai ta ga cewa ankwa ta fi tes sauƙi.

Sai batun ikirarin rashi, wato mutum ya ce ba ni da shi. A nan dokar Amurka a rubuce ba ta da matsala ko kaɗan, ta daɗe da yanke magana. A 1971 Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar wani mutum mai suna Preston Tate daga Houston a jihar Texas, wanda tarar laifukan tuƙi ta taru masa dala 425, laifukan da doka ba ta tanadar musu ɗauri ba sam sai tara, amma da ya kasa biya aka tura shi gonar fursuna don ya yi aikin kwana 85, dala 5 kowace rana. Kotun Ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki, ba zai yiwu mai kuɗi ya biya ya tafi gida, marashi kuma a mayar masa da tara ɗauri kai tsaye ba. Sai kuma 1983, shari'ar Danny Bearden da jihar Jojiya, wadda ita ce kowa ke kafa hujja da ita har yau. An yanke masa tarar dala 500 da diyyar dala 250, ya ranto dala 200 wurin iyayensa ya fara biya, sai aka sallame shi daga aiki, ga shi bai iya karatu ba, ya nemi wani aikin bai samu ba, ya ma je da kansa ya faɗa wa jami'an cewa zai makara, amma aka soke sakin talalar da aka yi masa aka kai shi gidan yari. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta hukuncin, kuma abin da ta ce a taƙaice shi ne dole alƙali ya binciki dalilin rashin biyan. In mutum yana da hali ya ƙi, ko bai yi wani ƙoƙarin neman abin biya ba, a ɗaure shi. In ya yi iya yinsa bai samu ba, sai a duba wata hanyar, a ƙara masa lokaci, a rage tarar, ko a ba shi aikin yi wa al'umma hidima.

Mu da muka taso muna jin karatun malamai wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce in wanda ake bi bashi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin da zai samu sauƙi, hadisi kuma ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne, mawadaci fa aka ce. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani kan tsare mai bashi, sun raba wanda aka san yana da dukiya yana ɓoyewa, da wanda ba a san halinsa ba sai an bincika, da wanda rashinsa ya tabbata, shi wannan na ƙarshen ba a tsare shi. Tara da bashi ba daidai suke ta kowace fuska ba, na sani, amma tambayar guda ce, ba shi da shi ne ko ƙi ya yi.

To in doka ta fito fili haka tun 1983, ta yaya Ferguson da ire-irenta suka shafe shekaru suna kulle mutane? Ta ƙofar raina kotu da ƙin halarta. Alƙali zai ce maka ni ban ɗaure kowa don talauci ba, na ɗaure shi ne don na ba da umarni ya zo bai zo ba, na ba da umarni ya biya bai bi ba. A takarda maganar tsaf take. Ikon hukunta wanda ya raina kotu tsohon iko ne, kuma shi ne wuri guda da alƙali yake zama shi ne wanda aka yi wa laifi, shi ne mai ƙara, shi ne kuma mai yanke hukunci, shi ya sa ya kamata a riƙe shi da taka-tsantsan fiye da kowane iko. A tsarinsu akwai nau'in da ake tsare mutum don a matsa masa ya bi umarni, ba don horo ba, har lauyoyinsu kan ce ai makullin ɗakin yana aljihunsa, ya biya ya fita. Wannan magana tana da ma'ana ga ɗan kasuwar da ya ɓoye dukiya don kada ya ba tsohuwar matarsa haƙƙinta. Ga mutumin da ba ya da dala 300 a duniya kuwa ɗauri ne kawai, sai dai uwarsa ko 'yar uwarsa ta bi dangi tana haɗa kuɗi, kuma da yawa daga kuɗin da kotunan nan ke alfahari sun karɓo daga nan suke fitowa, daga kuɗin hayar wata tsohuwa da ba ta taka dokar kowa ba.

A 2011 Kotun Ƙoli ta sake taɓa batun a shari'ar Michael Turner daga jihar South Carolina, wanda aka tsare wata 12 kan raina kotu saboda bashin kuɗin ciyar da ɗansa da ya haura dala 5,700, ba lauya, kuma alƙalin bai ma cike gurbin da ke takardar inda ake nuna ko mutumin na da halin biya ba. Kotun ba ta ce dole a ba kowa lauya kyauta ba (ni a ganina a nan ta yi rowa), amma ta ce aƙalla a sanar da mutum cewa halin biyansa shi ne jigon shari'ar, a ba shi fom ya bayyana abin da yake samu, a ba shi dama ya yi bayani, sannan alƙali ya rubuta ƙarara cewa ya gano yana da hali kafin ya tsare shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wurina, a rubuta. Alƙalin da aka tilasta wa ya sa hannu a ƙarƙashin jimlar da ke cewa na bincika na ga wannan matar da ke kwana a mota tana da halin biyan dala 541, zai yi tunani sau biyu.

Na san abin da wasu za su ce, ai kowa sai ya ce shi talaka ne. Gaskiya ne mutane na ƙarya, har da masu zuwa kotu da sabuwar waya a hannu suna rantsuwa ba su da na abinci. Amma Amurka ƙasa ce da kusan komai na mutum yana rubuce, takardar albashi, takardar haraji, katin tallafin abinci, inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Wanda gwamnati da kanta ta riga ta tantance ta ce ya cancanci tallafin abinci, me ya rage wa alƙalin ƙaramar kotu ya bincika? A ɗauka marashi ne sai in an kawo hujjar akasin haka. Wanda aka kama ya yi ƙarya a fom kuma, wannan shi ne ainihin wanda ya raina kotu, a hukunta shi da hujja. Kuma ko da wasu 'yan kaɗan sun zille da ƙarya, a auna asarar mana: gari ya rasa dala 150 a gefe guda, a ɗaya gefen mutum ya yi kwana uku a sel ya fito ya tarar an ba wani aikinsa, kuma kwana ukun nan ma kuɗin jama'a aka kashe wajen tsare shi.

Wasu kuma za su ce to talaka ya taka doka ya tafi a banza kenan? A'a. Matsalar tun daga yanka tarar take. Dala 531 kan ciyawa ta yi tsawo, dala 302 kan yadda mutum ya yi tafiya a titi, waɗannan duk suna cikin rahoton Ferguson. Ga likita wannan kuɗin cin abincin dare ne shi da iyalinsa, ga mai wanke kwanuka kuwa albashin sati ne ko fiye. Ƙasar Finland tun 1921 take yanka tara gwargwadon abin da mutum ke samu a rana, shi ya sa a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro dubu 116 kan gudu da babur a Helsinki. Kowa ya ji zafi daidai jikinsa. In an yanka abin da mutum zai iya biya, yawancin mutane biya suke su huta, ba wanda ke son sammaci na yawo a kansa.

Amma duk wannan gyare-gyaren ba za su yi aiki ba muddin kotun ita ce saniyar tatsar garin. A watan Maris na 2010 daraktan kuɗi na Ferguson ya rubuta wa shugaban 'yan sanda Thomas Jackson cewa in ba a ƙara yawan rubuta takardun tara sosai kafin ƙarshen shekara ba, zai yi wuya a ɗaga kuɗin shiga a shekara mai zuwa. Daraktan kuɗi fa, yana ba ɗan sanda umarnin kamu. A wannan shekarar, tara da kuɗin kotu sun kawo dala miliyan 1.38 cikin miliyan 11 na babban asusun garin, zuwa kasafin 2015 kuwa an sa ran miliyan 3.09 cikin miliyan 13.26, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A lokacin ma'aikatan kotun a ƙarƙashin shugaban 'yan sanda suke, alƙalin kuma majalisar garin ce ke naɗa shi tana sabunta masa wa'adi, kuma wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ita ma wannan matsalar Kotun Ƙoli ta daɗe da magana a kai, tun 1927 a wata shari'a daga jihar Ohio inda magajin gari ke alƙalanci yana samun dala 12 duk wanda ya kama da laifi, sai kuma 1972 a shari'ar ƙauyen Monroeville, a Ohio ɗin dai, inda ta ce ko kuɗin ba aljihunsa suke shiga ba, tunda shi ke da alhakin asusun garin bai dace ya yi hukunci ba. An cire magajin gari daga kujerar, an sa lauyan da magajin gari da 'yan majalisarsa suka zaɓa, wai an gyara.

Wani abin takaici da binciken ya tono, jami'an garin da aka tambaya me ya sa baƙaƙen fata suka fi yawa a kamun (su ne kashi 67 na mazauna amma kashi 93 na waɗanda ake kamawa) sai wasunsu suka ce ai rashin sanin ya kamata ne, ba sa ɗaukar nauyin kansu. Alhali saƙonnin imel sun nuna su da kansu suna share wa 'yan uwa da abokai takardun tara, a aiko wa magatakardar kotu ta ce an gama. Alƙalin kuma, Ronald Brockmeyer, da ya sauka 'yan kwanaki bayan rahoton, jaridu sun ruwaito gwamnatin tarayya na binsa bashin haraji na kusan dala dubu 170. Ba wanda ya kai shi sel ya kwana kan haka, kuma ni ban ce a kai shi ba, irin haƙurin da aka yi da shi nake so a yi da mai bashin fakin.

An samu sauyi, ba za a ce ba a samu ba. A 2015 jihar Missouri ta yi dokar da ta rage kason da gari zai iya samu daga tarar tuƙi daga kashi 30 zuwa 20 na kuɗin shigarsa, ta ce tara da kuɗin kotu kan ƙaramin laifin tuƙi kada su wuce dala 300, ta hana buɗe sabon laifin ƙin halarta a kansu. Sabon alƙalin Ferguson na lokacin, Donald McCullin, ya janye duk sammacin da aka fitar kafin ƙarshen 2014. A 2016 garin Jennings da ke maƙwabtaka ya amince ya biya dala miliyan 4.7 ga waɗanda ya tsare kan bashi, ita kuma Ferguson ta yi ta jan ƙafa sai a 2024 ta yarda da miliyan 4.5. Sai dai ka dubi abin da ya faru da wasiƙar da Ma'aikatar Shari'a ta aika wa kotunan jihohi a Maris 2016 tana tuna musu hukuncin Bearden: ministan shari'a na lokacin Jeff Sessions ya janye ta a Disamba 2017, aka sake fitar da wata a Afrilu 2023. Haƙƙin da Kotun Ƙoli ta tabbatar sama da shekara 40 da suka wuce ya koma abin da ke jiran wanda ya ci zaɓe. Shi ya sa nake ganin a dokar kowace jiha ya kamata a rubuta shi: laifin da asalinsa ba na ɗauri ba ne, rashin zuwa a kansa ba zai jawo kamu ba a karon farko, a tura tuni, a ba da wata ranar, in ya sake ƙi a yanke hukunci a bayan idonsa ya zama bashi. Sammacin kamu a ajiye wa wanda aka tabbatar saƙo ya isa hannunsa ya yi biris. Kuɗin tara kuma su tafi asusun jiha, kada gari ya ga ko sisi.

'Yan uwanmu da ke can suna tuƙin tasi da kai kaya a yankin Bronx na birnin New York da sauran wurare, shawarar da lauyoyin marasa galihu ke ta nanatawa ita ce ka je ko ba ka da ko dala ɗaya, ka buɗe baki ka ce ba ka da halin biya, ka nemi a saurare ka a kan haka kuma a rubuta. Ɓuya ita ce ke ba su ƙofar da suke nema.

Mu ma a gida kada mu yi dariya. A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin Najeriya waɗanda abin da ya riƙe su kawai tara ce ko diyya da suka kasa biya, aka tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni da kamfanoni aka biya musu. In ka raba, kowane mutum bai kai naira dubu 145 ba. Duk azumi da sallah kuma muna gani a labarai, gwamna ko wani attajiri ko wata ƙungiya sun je gidan gyaran hali sun biya wa mutum hamsin ko ɗari tara, a ɗauki hoto, mu yi ta sa albarka. Allah ya saka musu, sadaka ce mai kyau. Amma kowane ɗaya daga cikin mutanen nan alƙali ne ya riga ya yanke cewa laifinsa bai kai a raba shi da iyalinsa ba, shi ya sa ya ba shi zaɓin tara, wanda suka yi laifi iri ɗaya da shi ya biya a ranar ya tafi gida. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, har da aikin yi wa al'umma hidima. Ina so in ga ranar da babban jojin wata jiha zai ba majistarori da alƙalan kotunan tafi-da-gidanka umarni a rubuce cewa kafin a ce wata shida ko tarar dubu hamsin, a tambayi mutumin sana'arsa da abin da yake samu a rana, a rubuta amsar a fayil, in kuma za a tura shi gidan yari kan rashin biya a rubuta dalilin da ya sa shara a asibiti ko kasuwa na sati biyu ba za ta wadatar ba.